Zan iya cin ɗan abin zaƙi kullum, ina kuma rage ƙiba?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar abinci da rage ƙiba. Mace ce ni, shekarata 34, tsawona santimita 165, nauyina kilo 82. Aikina na zama ne, sai ɗan tattaki wasu ranaku. Ina son saukowa zuwa kilo 70 ta hanyar ƙidayar kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, to amma ina da kwaɗayin zaƙi, musamman cakulan da biskit da askirim. Wasu sun ce sai na yanke su ɗungurungum, wasu kuma sun ce in ware rana ɗaya a mako in ci son raina. Ni kuwa abin da raina ya fi kwantawa da shi shi ne ɗan kaɗan kullum. Shin hakan zai yiwu? In zai yiwu, nawa ne kaɗan ɗin a lissafi, wane iri ya fi, kuma a wane lokaci? Allah Ya saka da alheri.

Malamar Abinci:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Zai yiwu ƙwarai, da sharaɗin ki ware masa kasonsa tun da safe kafin ki sa komai a baki. Wadda ta bar zancen zaƙi sai dare, bayan ta cinye kalorin ranar kaf, ita ce ke kukan sikeli ya ƙi motsi.

Mu yi lissafin da alƙalumanki. Akwai ƙa'idar Mifflin-St Jeor ta 1990, wadda ake ƙiyasta abin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Ga mace, ana ninka nauyi sau 10, a ninka tsawo sau 6.25, a haɗa su, a cire shekaru sau 5, sannan a cire 161. Naki 820 ne da 1,031, sun ba da 1,851. A cire 170, a cire 161, saura 1,520. Tunda kina ɗan motsa jiki, sai a ninka da 1.375, ya kama wajen 2,100. Wannan ne abin da za ki riƙa ci nauyinki ya tsaya cak. Ki rage 500, ya zama 1,600 a rana. Da wannan giɓin ana sa ran saukar kusan rabin kilo a mako da farko, daga baya ta ɗan lafa, domin jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa a da. Ƙiyasi ne fa; sikeli ne zai tabbatar da shi bayan mako uku ko huɗu.

Kason zaƙi kuwa ki ba shi kashi 10 cikin 100, wato kalori 160. Dalilin da ya sa ban ce 300 ba shi ne ragowar 1,440 ɗin suna da aiki mai yawa a gabansu. Kina buƙatar furotin giram 1.2 zuwa 1.6 a kan kowane kilo na nauyin da kike nema, wato giram 85 zuwa 110 a rana, daga ƙwai, kifi, kaza, wake, madara ko yogot. Furotin ne ke tsare tsoka kada ta zube tare da kitse, shi ne kuma ya fi riƙe ciki. Ga ganye da kayan lambu da hatsin da ba a cire wa dusa ba, don samun faiba, wato harzar abinci da hanji ba ya narkarwa, giram 25 zuwa 30. In zaƙi ya kwashe 300 ko 400, dole a zabge daga waɗannan, sai yunwa ta taso da la'asar, ita kuma yunwa ba ta jin lissafi. Misalin rabon yini: karin kumallo 350, abincin rana 500, na dare 450, 'ya'yan itace ko yogot a tsakani 140, zaƙi 160.

Akwai kuma iyaka ta biyu, ta sukarin kansa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, in an sauko ƙasa da kashi 5 ma ya fi. A wajenki giram 40 ke nan, ko 20 in kin bi ta biyun. Cokalin shayi ɗaya shafe giram 4 ne, kalori 16. A lissafinsu zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna ciki. Wanda ba ya ciki shi ne sukarin ɗan itacen da aka ci da tsokarsa, da na madara.

To me kalori 160 ke saye? Cakulan mai madara giram 30. Biskit irin digestive guda biyu, da ɗan canji. Askirim na vanila giram 75 zuwa 80. Manyan dabino biyu. Kankana kuwa rabin kilo cur. Donat ɗaya galibi ya zarce kason. Abin da ya kawo wannan tazarar shi ne maiƙo da ruwa: giram ɗaya na sukari kalori 4 ne, na maiƙo 9, ruwa kuwa babu komai. Kusan rabin kalorin cakulan mai madara daga maiƙo yake. Nan ne mutane ke ruɗuwa da baƙin cakulan. Sukarinsa ya yi ƙasa da na mai madara, gaskiya ne, amma kalorinsa ya ɗan ɗara, wajen 600 a giram 100, alhali mai madara 535 ne ko kusa. Amfaninsa ɗaya ne a nan: ɗacinsa yana sa a tsaya da wuri.

Shawarar da na fi ƙarfafawa: ki tauna kasonki, kada ki sha shi. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari giram 35, kalori 139. Kofin ruwan lemo matsattse mai mililita 250 wajen 110 ne. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka sun ba mutane ƙarin kalori 450 kullum, mako huɗu a matsayin alewar taunawa, wasu mako huɗun a matsayin lemon kwalba. Lokacin alewa sun rage cin sauran abinci da kansu. Lokacin lemo ba su rage ba. Ciki ba ya lissafa abin sha kamar yadda yake lissafa abin taunawa. Kada kuma ki manta da shayi. Kofi uku, kowanne da cokali biyu, giram 24 ke nan na sukari, kusan kalori 100, in ma cokalin shafe ne ba tsororuwa ba.

Lokaci kuma, ki ci shi bayan abinci, ciki da nauyi. Kalorin dare da na rana duk ɗaya ne a wajen lissafi. Abin dubawa shi ne yanayin da kike ciki lokacin da kika buɗe ledar. Mai jin yunwa ba ta tsayawa a giram 30. In kin san lokacin da kwaɗayin ke taso miki, ki ajiye kason daidai nan, ki sa abinci mai furotin ya riga shi.

Mai Sikeli:

Malama ta gama da lissafi, ni a kan awo zan tsaya, don nan ne yawancin masu ƙidayar kalori ke zamewa ba su sani ba. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan cakulan da askirim kam, ido bai san kima ba. Ki nemi ƙaramin sikelin kicin mai batir, wanda ke nuna giram ɗai-ɗai.

Ga yadda ake auna abin shafawa irin Nutella. Kada ki auna cokalin. Ki ɗora kwalbar gaba ɗaya a kan sikeli, ki danna maɓallin da ke mai da shi sifili, sannan ki ɗiba. Lambar da ta fito da alamar ragi ita ce abin da ya bar kwalbar, har da wanda ya manne a bayan cokali aka lashe. Kamfanin ya ce awo ɗaya giram 15 ne, kalori 80. Cokalin da aka cika da tsororuwa cikin sauƙi yake kai giram 30, kin ga kason yini ya tafi a shafa ɗaya, ba a ma lissafa burodin ba. Askirim ma da giram ake auna shi, ba da ludayi ba, saboda ana buga masa iska kuma yawan iskar ya bambanta. Mai tauri mai yawan kirim yakan wuce kalori 250 a giram 100, ludayinsa ɗaya kuma ya fi na mai laushi nauyi.

Rubutun bayan fakiti yana da tarko uku. Na farko, layi biyu ne: na giram 100 da na abin da kamfani ya kira awo ɗaya. Awon kamfani na iya zama biskit biyu a fakitin da ke da goma sha biyu, ko rabin kwalbar da kowa ke shanyewa a zama guda. Ki yi aiki da layin giram 100, ki ninka da abin da sikelinki ya nuna. Na biyu, in kin ga kJ, wani ma'aunin kuzari, maimakon kcal, wato kalori, ki raba da 4.2. Na uku, jerin kayan haɗi yana tafiya ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, don haka wasu ke rarraba sukari gida uku ko huɗu da sunaye daban-daban, masu ƙarewa da "ose" da nau'o'in sirof, don kada ya fito a sahun farko. A ma'aunin Birtaniya, abin da ya wuce giram 22.5 na sukari a giram 100 mai yawan sukari ne, giram 5 zuwa ƙasa kuma mai ƙaranci. Su kansu alƙaluman ba tsaf suke ba. A Amurka doka ta yarda kalorin gaske ya ɗara na rubuce da kashi 20 cikin 100. Shi ya sa ya fi kyau ki nufi 150, ki bar ɗan sarari.

A 1992 an wallafa wani bincike a mujallar likitanci ta New England kan mutanen da suka dage cewa abin da suke ci bai kai kalori 1,200 a rana ba amma nauyi ya ƙi sauka. Da aka auna, sai aka tarar sun rage abin da suke ci da kashi 47 cikin 100 a bayaninsu, sun kuma ƙara yawan motsa jikinsu da kashi 51. Mutanen kaɗan ne, amma abin da ya nuna sananne ne ga duk mai wannan aiki. Yawanci mantuwa ce: ɗanɗanon girki, ragowar biskit ɗin yaro, alewar da aka miƙo a ofis. Ki rubuta kafin ki ci, ba bayan kin ci ba.

Sai maganar ware rana ɗaya a ci son rai. Giɓinki na mako 3,500 ne. Ranar da aka saki jiki, kek da lemo da soye-soye, abu ne mai sauƙi a zarce tsari da 1,500 ko 2,000. Rabin wahalar mako ta tafi a yini guda. Kada kuma ki ce za ki biya da tattaki: rabin awa na tafiya da sauri wajen kalori 150 yake ƙonawa ga mai nauyinki, kuma an riga an lissafa shi a cikin 1.375 ɗin da Malama ta ninka.

Malam Mai Lura:

Ina tare da Malama da ɗan'uwa Mai Sikeli a lissafi da awo, sai dai ina da gyara a wuri ɗaya. Ba kowa ne "kaɗan kullum" ke yi wa ba, kuma ba kowane abin zaƙi ne ke yarda a ci shi kaɗan ba.

Masu cewa kalori kawai ake dubawa sukan kafa hujja da Farfesa Mark Haub na Jami'ar Jihar Kansas, wanda a 2010 ya yi mako goma yana cin kalori 1,800 a rana, galibinsu daga kek ɗin leda da biskit da makamantansu, ya kuma zubar da kusan kilo 12. Hakan ya faru, kuma ya nuna giɓin kalori ne ke sauke nauyi. Amma mutum ɗaya ne, masanin abinci mai auna kowace loma, yana kuma shan furotin da ƙwayar bitamin da ɗan ganye a gefe. A ɗaya ɓangaren ga binciken Kevin Hall na 2019 a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka: mutum 20 aka kwantar, mako biyu a kan abincin masana'anta da aka sarrafa sosai, mako biyu a kan wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya ƙoshinsa. A kan na masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 kullum, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A kan ɗayan suka rage kusan haka. Kin ga daidai giɓin da kike nema ke nan. Haɗin sukari da maiƙo da ɗan gishiri, ga laushi ba ya buƙatar tauna, yana wucewa kafin ciki ya aika da saƙon ƙoshi.

Wannan ba ya nufin ki haramta wa kanki. Tun 1975 masu bincike Herman da Mack suka nuna wani abu da har yau yake nan: an ba mata madara mai zaƙi suka sha, sannan aka ajiye musu askirim. Waɗanda ba sa takura wa kansu sun ci kaɗan tunda sun ƙoshi. Masu takura wa kansu kuwa sai suka ƙara ci, don a ransu an riga an karya doka, to bari a ƙarasa. Abin zaƙin da ke cikin tsari ba ya jawo wannan tunanin, domin ba a karya komai ba. Nan ne ƙarfin hanyar da kika zaɓa yake.

Don haka ki gwada kanki mako biyu, ki kuma gyara wurin da kike, kada ki dogara da ƙarfin zuciya kaɗai. Ranar da kika sayo cakulan, ki kakkarya shi a kan sikeli, ki ƙulla kason kowace rana a ledarsa daban, ki sa sauran a firiza ko can saman kabad. In lokaci ya yi ki ɗauki ƙulli ɗaya, ki juye a ɗan faranti, ki bar kicin ɗin, ki zauna, ki ajiye waya. Wanda aka ci a tsaye daga cikin fakiti ana kallon allo, baki ne kawai ya san an ci. In kin ga yawancin ranaku kina tsayawa a ƙulli ɗaya, ki ci gaba. In akwai wani abu guda da ba kya iya tsayawa a kansa, wannan ɗin kada ya kwana a gidan. Ki riƙa sayen ƙwaya ɗaya lokacin da za ki ci, ki cike sauran ranakun da wanda kike iya sarrafawa.

Ki duba barci ma. A wani bincike na Jami'ar Chicago a 2004, samarin da aka taƙaita wa barci zuwa awa huɗu dare biyu, sinadarin da ke sanar da ƙoshi ya ragu musu da kashi 18 cikin 100, mai tayar da yunwa ya ƙaru da kashi 28, kuma abin da suka fi marmari shi ne zaƙi da sitaci. Sau da yawa abin da ake kira kwaɗayi rashin barci ne ko tsallake abincin rana.

Abu ɗaya kuma da ba na son a wuce shi. In mutum yana cin abu mai yawa cikin ɗan lokaci yana jin ba zai iya tsayawa ba, a ɓoye, da kunya daga baya, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, ko yana jawo amai ko shan maganin gudawa don ramuwa, to wannan lalura ce da ake magani, ƙidayar kalori kuma tana iya ƙara tsananta ta. Likita ya kamata a gani.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Saura uku. Lemon da aka rubuta babu sukari da cakulan marar sukari, suna shiga kason ko kyauta ne? In an gayyace ni taro aka yanka kek, ya zan yi? Kuma me ya sa sikeli ke tashi da kilo guda washegarin cin zaƙi?

Malamar Abinci:

Amin 'yar'uwa. Lemon da aka zaƙaƙa da asfatam ko sukuralos ko sitibiya kalorinsa bai taka kara ya karya ba, don haka ga wadda ta saba da gwangwani ɗaya na mai sukari kullum, sauyawa zuwa shi yana rage kusan kalori 1,000 a mako. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, mai sharaɗi, cewa kada a dogara da waɗannan sinadarai don rage ƙiba, saboda ba a ga amfaninsu mai ɗorewa a kan kitsen jiki ba. A shekarar kuma aka sa asfatam a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna da alaƙa da sankara, bisa hujja mai rauni, amma kwamitin da ke tsayar da iyaka ya bar ta inda take, miligiram 40 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, adadin da sai an sha gwangwani da yawa kullum ake kai shi. A ganina tsani ne na sauka daga mai sukari, ana kuma rage shi a hankali har ruwa ya zama abin sha na yau da kullum.

Cakulan marar sukari kuwa yana cikin kason dumu-dumu. An cire sukari an sa wani sinadarin zaƙi mai suna maltitol, wanda ke da kalori wajen 2.4 a giram, man koko kuma yana nan yadda yake, don haka ragin kaɗan ne. Ga shi hanji ba ya tsotse maltitol da ɗan'uwansa sobitol duka, sai su ja ruwa, su kawo kumburin ciki da gudawa in an ci da yawa. Haka abin da aka rubuta wa marar maiƙo, sau da yawa an cike gurbin da sukari.

Taro kuma, ki yi lissafin mako. Kasonki na kwana bakwai 1,120 ne. Yankan kek mai kirim a sama yakan kai 350 zuwa 450. Ki bar zaƙin kwana biyu kafin ranar, ki haɗa da na ranar, kin sami 480. Kada ki ƙi cin abinci don tara wa kek wuri, za ki isa da yunwa ki ci yanka uku. In taron ya zo ba shiri, ki ci yankanki ɗaya, washegari ki koma tsarinki kamar yadda yake, ba tare da horar da kai da yunwa ba. Ƙarin 300 a mako mai giɓin 3,500 bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Tashin sikeli kuwa ruwa ne. Kilo ɗaya na kitse yana buƙatar rarar kalori wajen 7,700, yankan kek ba shi da wannan. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram kuma yana riƙe ruwa kusan giram uku. Mai rage abinci wannan ma'ajiyar tata ba a cike take ba, da ta ci sitaci ko zaƙi sai ta cika, ruwa ya biyo. Ga gishirin abincin taro, ga abin da bai bar hanji ba tukuna, ga riƙon ruwa gab da al'ada. Ki hau sikeli da safe bayan kin kewaya, kafin ki ci komai, ki haɗa na kwana bakwai ki raba bakwai, ki kwatanta mako da mako. In matsakaicin bai motsa ba mako uku a jere, ki fara binciken awo. In awo daidai ne, ki rage 100 zuwa 150. Kada ki sauka ƙasa da 1,200 sai da kulawar likita, kuma duk wannan lissafin ba na mai ciki ko mai shayarwa ba ne.

Uwar Kicin:

Ga masu son haɗawa da kansu, kason 160 yana cika kwano in an san abin da za a sa. Yogot mai kauri marar sukari marar maiƙo giram 150 wajen kalori 90 ne, da furotin giram 15. Ki sa garin koko marar sukari babban cokali ɗaya, 12, zuma cokalin shayi ɗaya, 21, da yankan mangwaro giram 60, 36. Duka bai wuce 160 ba. Ki fara dama kokon da ɗan yogot kaɗan har ya yi sumul kafin ki haɗa da sauran, in ba haka ba zai yi gudaji. Ɗanyar abarba kuma kada ta kwana a cikin yogot, tana da sinadarin da ke farfasa furotin ɗin madara ya koma ɗaci.

Ayabar da ta nuna sosai har bayanta ya yi ɗigo-ɗigo, ki ɓare, ki yayyanka, ki shimfiɗa a faranti ta daskare a firiza. Giram 120 da cokalin koko da madara cokali biyu, a markaɗa, yana fitowa da laushin askirim a kan kalori wajen 135. In kin sa ta da ɓawonta ba za ta ɓaru ba, in kuma kin zuba a bilenda kai tsaye daga firiza wuƙar za ta cije. Ki bar ta minti biyar ta ɗan saki.

Kek na gida kuma lissafinsa a fili yake. Fulawa giram 200 kalori 730, sukari giram 150 kalori 580, bota giram 150 kalori 1,075, ƙwai uku 215, jimla 2,600. In an yanka takwas kowanne 325 ne, in an yanka goma sha shida 160 da ɗoriya kaɗan. Ki lura bota ta kusa ninka sukari. Ana iya rage sukari da kwata ba tare da kek ya lalace ba. In an wuce sulusi sai ya bushe ya yi fari, don sukari ne ke riƙe danshi yana kuma ba da launi. Ana iya maye rabin botar da yogot, sai dai zai ɗan yi nauyi. Da ya huce ki yanka shi duka, ki naɗe kowane yanka daban, ki sa a firiza. Zuma da busassun 'ya'yan itace kuma a riƙa auna su: babban cokalin zuma 64 ne, na sukari 48, busasshen inabi wajen 300 a giram 100, ɗanye kuwa 70.

Ma'aikacin Jinya:

Ƙarin abu biyu. Tunda kullum za a ci, a kula da haƙori. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, ƙwayoyin cuta suna mai da shi asid mai cin bayan haƙori na kusan rabin awa kafin yawu ya daidaita bakin. Saboda haka yawan lokutan ci ya fi yawan giram illa. Giram 30 a zama ɗaya bayan abinci ya fi giram 30 da aka riƙa tsintsa tun safe har dare. Alewar tsotsa da mai manne wa haƙori su suka fi ɓarna. A kuskure baki da ruwa bayan an ci, a goge da man goge baki mai fulorayid sau biyu a rana, kuma bayan gogewar dare kada zaƙi ya sake shiga.

Mai ciwon suga kuwa, musamman mai allurar insulin ko ƙwayoyi irin gilibenkilamaid, kada ya rage kalori 500 da kansa ba tare da likita ya duba adadin maganin ba, don suga na iya faɗuwa. In ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin miligiram, ko 3.9 a na milimol, ana shan giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, kamar rabin kofin lemo mai sukari ko cokalin shayi huɗu a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Wannan magani ne, ba a cire shi daga kason zaƙi. Cakulan bai dace da wannan aikin ba, saboda maiƙonsa yana jinkirta shigar sukarin cikin jini.